Haɗarin Mota Da Mace Mai Ciki: A Je Asibiti Tukuna Kafin A Ce An Yafe

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta bi ta Ambursa zuwa Argungu ya san yadda ake kashe maganar ƙaramin haɗari a bakin titi. Da zarar mota ta bugi babur, ko kuwa Keke Napep ya kife, sai jama'a su taru, a ɗaga waɗanda suka faɗi, a karkaɗe masu ƙura, a dudduba jikinsu. In ba a ga jini ko karaya ba sai a yi hamdala, dattawan wurin su shiga tsakani, direba ya ba da haƙuri, wani lokaci ya miƙa ɗan abin sayen magani. Daga nan sai a ce tsautsayi ne, kowa ya kama gabansa. Kafin rabin sa'a an watse, ba wanda ya rubuta ko da lambar motar.

Ba shakka wannan ɗabi'a ta sulhu tana da kyau, ta kuma raba mutane da yawa da rigimar da ba ta da amfani. To, amma akwai wadda wannan gaggawa takan cuta ƙwarai, ita ce mace mai ciki. Dalili kuwa shi ne, raunin da ya fi yi mata barazana ba ya nuna kansa nan take, haka kuma asarar da za ta nemi diyya a kanta ba ta bayyana sai bayan kwanaki ko watanni.

Haɗarin hanya ba ƙaramin al'amari ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutane wajen miliyan 1.19 ke rasuwa a kan hanyoyin duniya kowace shekara. A nan gida kuwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙidaya mutum 5,421 da suka rasu a hanyoyin Nijeriya cikin 2024. Wannan lissafi na waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma ne kawai. Cikin da ya zube a ɗaki kwana biyu bayan haɗari ba ya shiga irin wannan ƙidaya.

Raunin Da Ido Ba Ya Gani

A ɗauka, alal misali, wata malamar makarantar firamare ce da ke zaune a unguwar Nasarawa cikin Birnin Kebbi, tana da ciki wata bakwai. Ta hau kabu-kabu za ta wurin aiki, sai wata mota ta bugi babur ɗin ta baya, ta faɗi a kan gefenta. An ɗaga ta, ba ta da komai sai ƙujewa a gwiwar hannu, ta kuma ce ita lafiyarta lau. Kowa zai ce Allah ya taƙaita. Likita kuwa ba zai yarda da wannan magana ba sai ya gwada ta.

Abin da likita ke tsoro shi ne rabuwar mabiyiya daga jikin mahaifa. Mabiyiya ita ce ke manne da bangon mahaifa, ta cikinta ne jariri ke samun abinci da iskar numfashi daga jinin uwa. Naman mahaifa yana da talewa, yakan lotsa ya dawo in an buge shi, amma mabiyiya ba ta talewa kamarsa. Sabo da haka girgiza mai ƙarfi, ko taka burki na ba-zata, na iya ɓamɓare wani sashe nata ko da ba abin da ya taɓa cikin kai tsaye. In haka ta faru sai jini ya fara zuba tsakanin mabiyiya da mahaifa. Sau da yawa jinin kan taru a ciki ba ya fitowa waje, har uwa ta zaci ba komai alhali kuwa jariri na cikin ƙunci. Littattafan likitanci sun nuna cewa hakan na faruwa ga mace ɗaya zuwa biyar cikin ɗari a ƙananan haɗurra, a manyan haɗurra kuwa yakan kusanci rabi.

Akwai kuma wani abu da ke ruɗin masu kallo. Jinin mace mai ciki yakan ƙaru da kusan rabin yadda yake a da, domin haka tana iya zubar da jini mai yawa kafin ta fara jiri ko a ga ta yi fari. Kafin a kai nan jikinta ya riga ya rage jinin da yake aikawa mahaifa don ya ceci kansa. Watau jariri ne ke fara shan wahala tun uwa tana tsaye da ƙafafunta tana ba mutane amsa.

A wata ukun farko mahaifa tana ɓoye cikin ƙashin ƙugu, yana ba ta kariya. Daga mako na 12 take fara ɗagowa, da ciki ya tsufa kuma ita ce gaba da komai. Ban da rabuwar mabiyiya, bugu na iya tayar da naƙuda kafin lokaci a haifi bakwaini, ko ya fasa faya, ko kuma, a haɗari mai muni, ya yaga mahaifar kanta.

Abin Yi A Sa'o'in Farko

Abu na farko shi ne a faɗa wa masu ceto cewa tana da ciki. Wannan magana ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato, domin kunya takan hana mace, musamman mai cikin fari, ambaton cikinta a gaban maza, hijabi kuma yana rufe ƙaramin ciki. Ya kamata matan da ke wurin su matsa kusa su tambaye ta a asirce. Ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra kyauta ta lamba 122.

In cikin ya haura wata biyar kada a kwantar da ita rigingine, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. A kwantar da ita a gefen hagu. In ana zaton ta bugu a wuya ko gadon baya, kada a naɗe ta a cusa cikin mota, a ɗora ta a kan wani abu shimfiɗaɗɗe mai tauri, a ɗan tokare gefen dama. Kada a ba ta abinci ko jiƙo, kada kuma a murza mata ciki, domin mai yiwuwa ne a buƙaci yi mata aiki.

Sai a nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata da wurin ƙarin jini. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da kuma babban asibitin Gwamnatin Tarayya, a Argungu akwai babban asibitin garin, in abin ya gagara kuma akan tura zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kada a tsaya jiran maigida ya dawo daga ofis ko daga fadama, a kira shi ya tarar da su can. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa kuwa hukuncinsa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun.

A asibiti, in ciki ya haura wata biyar, akan bi bugun zuciyar jariri da motsin mahaifa na tsawon sa'a huɗu zuwa shida aƙalla, in an ga wata alama kuma a riƙe ta kwana guda. Hoton ciki yana da amfani, amma sau da yawa ba ya nuna rabuwar mabiyiya, sabo da haka kada a ce tunda hoto ya fita lafiya a tafi gida. Matar da jininta ke cikin rukunin da ake kira Rhesus nagetif tana buƙatar allurar Anti-D cikin sa'a 72, don kada jikinta ya riƙa yaƙar jinin wannan jariri ko na ƙannensa. In likita ya ce a ɗauki hoton ƙashi kada a ƙi don tsoron cutar da jariri, domin ceton uwa shi ne ceton abin da ke cikinta. Bayan an sallame ta, da ta ga jini ko ruwa, ko ta ji ciwon mara, ko cikin ya yi tauri, ko motsin jariri ya ragu, to ta koma asibiti ko da tsakar dare ne.

Takardar Yau Ita Ce Shaidar Gobe

Zuwa asibiti a ranar haɗari yana da wani amfani na biyu wanda ba a cika tunawa da shi ba. Duk mai neman diyya, ko a gaban alƙali ko a ofishin inshora, dole ya nuna cewa direba ya yi sakaci, kuma sakacin ne ya jawo asarar. A nan ne maganar mai ciki take da wuya. Ɓari da haihuwar bakwaini suna faruwa ko ba haɗari, sabo da zazzaɓin cizon sauro ko hawan jini da makamantansu. Lauyan direba zai kafa hujja da wannan. Abin da zai karya hujjarsa shi ne katin awon ciki da ke nuna cewa kafin haɗarin uwa da jariri suna lafiya, da kuma rubutun likita na ranar da abin ya faru. Matar da ta zauna gida kwana biyar tana shan magani daga kemis ta rasa wannan shaida.

Domin haka wajibi ne wani daga cikin dangi ya ɗauki nauyin tattara bayani yayin da wasu ke jinya. A rubuta lambar motar, da sunan direba da na mai motar, da sunan kamfanin inshorarta. A ɗauki hoton wurin da waya kafin a janye motocin, a karɓi sunan mutum biyu ko uku da suka ga abin da idonsu. In motar haya ce a san tashar da ta taso, domin shugabannin ƙungiyar direbobi sun san mai ita. A kai rahoto ofishin 'yan sanda na yankin, a nemi rahotonsu a rubuce. A adana kowane rasit, na magani da na jini da na kuɗin mota zuwa asibiti, a kuma nemi rahoton likita da ya ambaci cikin da watanninsa.

Ina Kuɗin Zai Fito?

Yawancin iyalai sukan bar maganar diyya ne don sun dubi direban sun ga ba shi da ko na cefane. Sabo da irin wannan ne aka yi dokar inshorar tilas tun 1945, aka fara aiki da ita a 1950. Manufarta ita ce duk abin hawan da ke bin titi ya kasance akwai kamfanin da zai biya wanda aka ji wa rauni ko magadan wanda ya rasu, har da fasinjan motar haya. A watan Agusta na 2025 an sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta haɗe tsofaffin dokokin wuri ɗaya, tilascin kuma yana nan.

Daga 1 ga Janairu 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta ɗaga kuɗin wannan inshora na ƙaramar motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, na Keke Napep ya zama 5,000, na babur 3,000. Naira miliyan uku da ake yawan ambata a kan motar gida iyakar biyan ɓarnar dukiya ce, watau mota ko shago ko katanga. Rauni da rasa rai lissafinsu daban ne. Daga 1 ga Fabrairu 2025 kuma 'yan sanda suka shiga tilasta wannan doka a duk faɗin ƙasa.

Babbar matsalar ita ce takardun jabu. Mutane da yawa, har da ma'aikatan Gwamnati, sukan ba wani ɗan tsakani kuɗi ya haɗo masu takardun mota a dunƙule, ba su taɓa duba ko kamfanin da ke jikin takardar yana nan ba. Ranar da aka yi haɗari sai a tarar takardar ba ta da amfani, nauyin duka ya dawo wuyan mai mota. Ana iya gane ta gaskiya ta hanyar buga *565*11# a waya a sa lambar motar. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful masu lasin waɗanda ke aiki bisa tsarin Musulunci.

In motar tana da inshora ta gaskiya, a sanar da kamfanin a rubuce da wuri, a haɗa da rahoton 'yan sanda da na likita. Abin da ake nema ya haɗa da kuɗin da aka kashe, da albashi ko cinikin da aka rasa, da kuma diyyar azaba da lahanin da ya saura a jiki. Ita kuwa malamar da aka ba da misali da ita tana da wata ƙofar, domin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa da raunin da ma'aikaci ya samu a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba Da Agajin Lauyoyi, wadda aka kafa a 1976, domin ƙarar neman diyyar haɗari tana cikin ayyukan da doka ta ɗora mata.

Sai dai a kula da lokaci. Kowace irin ƙara tana da wa'adin da in ya wuce kotu ba za ta saurare ta ba. Mafi gajarta shi ne na motar Gwamnati, domin dokar kare jami'an Gwamnati ta ba da wata uku ne kacal a kai ƙarar jami'i a kan abin da ya aikata a bakin aiki. Matar da aka buge tana da ciki wata biyar za ta iya rasa wannan dama tun kafin ta haihu.

Abin Da Shari'a Ta Tanada

Wasu na ganin neman diyya kamar rashin tawakkali ne. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Gwandu da Argungu ba su faɗi haka ba. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, ta kuma bar wa magada zaɓin yafewa. A kan abin da ke ciki kuwa akwai hukunci na musamman. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wasu mata biyu 'yan ƙabilar Huzailu da suka yi faɗa, ɗaya ta jefi ɗaya da dutse, abin da ke cikinta ya mutu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta a biya abin da ake kira gurra, watau bawa ko baiwa.

Imam Malik a cikin Muwaɗɗa ya ƙimanta gurra da dinari 50 ko dirhami 600, watau ushirin diyyar uwar. A bisa lissafin da aka fi amfani da shi na giram 4.25 a kowane dinari, wannan ya kama giram 212.5 na zinariya. In kuwa jaririn ya fito da rai, ya yi kuka, sannan ya rasu sabo da bugun, to magana ta koma ta cikakkiyar diyya. Risalar Ibn Abi Zaid ta ɗora lamuni a kan mahayin dabba da mai janta da mai korarta game da abin da ta taka. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai cikin 1993, ta yanke cewa haɗarin mota yana ƙarƙashin hukunce-hukuncen laifin jini, kuma direba na da lamunin abin da ya jawo, sai fa in abin ya fi ƙarfinsa ko kuwa laifin wanda aka buge ne.

Akwai wani abu a nan da ya kamata maza su lura da shi. Gurra gado ce da ake rabawa tsakanin magadan jaririn, uwa kuma tana da kasonta. Diyyar raunin da ke jikinta kuwa tata ce ita kaɗai. Miji ko uba ko wa da ya tsaya a bakin titi ya ce mun yafe, ya yafe abin da ba nasa ba ne in bai ji ta bakinta ba. Jihar Kebbi ta fara aiki da dokokin Shari'a a kan laifuffuka a 2000, kotunan Shari'a na sauraron Musulmi, Babbar Kotu kuma a buɗe take ga kowa. Lauya ko malami masani ne zai nuna wa iyali ƙofar da ta dace da irin matsalarsu.

Yaron Da Aka Haifa Da Lahani

Wani lokaci cikin ba ya zubewa, amma a haifi yaro da lahanin da zai zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa, kamar wanda ƙwaƙwalwarsa ta rasa iska a lokacin da mabiyiya ta rabu. Kotunan duniya sun daɗe da duba wannan. A birnin Montreal na ƙasar Kanada, cikin 1929, wata mata mai ciki wata bakwai ta faɗo daga motar taragon cikin gari sabo da sakacin direba, bayan wata biyu ta haifi 'ya da karkatattun ƙafafu. A 1933 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta tabbatar cewa yarinyar tana da haƙƙin diyya a kan raunin da ta samu tun tana ciki. Ingila ta mayar da wannan ƙa'ida rubutacciyar doka a 1976. Waɗannan hukunce-hukunce ba su ɗaure kotunan Nijeriya ba, amma lauyoyi sukan kafa hujja da irinsu.

Darasin da ke ciki shi ne kada a rufe magana da wuri. Kamfanin inshora ko mai mota yakan kawo kuɗi tare da takardar da ke cewa an biya duka, ba sauran wata magana. Wanda ya sa hannu a kanta da wuya ya sake samun bakin magana. Abin da ya fi shi ne a karɓi kuɗin jinya a rubuce a matsayin somin-taɓi, a shigar da buƙata cikin wa'adi, a bar lissafin ƙarshe sai an haihu likita ya duba uwa da jariri.

Rigakafi

Mata da yawa sukan ƙi ɗaura bel ɗin mota don tsoron kada ya matse ciki. Likitoci sun haɗu a kan cewa rashin ɗaura shi ne ya fi haɗari. Igiyar ƙasa ta bi ta ƙarƙashin ciki a kan ƙashin ƙugu, ta sama kuma ta ratsa tsakiyar ƙirji ta bi gefen ciki, kada ɗayansu ta hau kan cikin. Tun Janairun 2003 ake tilasta ɗaura bel a ƙasar nan. Mai ciki kada ta yarda a cusa ta su biyu a kujerar gaba, in da hali kuma ta rage hawa babur idan ciki ya tsufa. Maigidan da zai iya biya mata kuɗin kujera biyu daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ya yi hakan.

Yafewa halin kirki ne, kuma tana da lada. Amma mai yafewa ya kamata ya san abin da yake yafewa, ya kuma zama shi ne mai haƙƙin. Ɗalibai da ma'aikata, waɗanda galibi su ake kira in abu ya faru a cikin dangi, su ne ya kamata su tsaya a kan cewa a kai mai ciki asibiti tukuna, a rubuta lambar mota, a bar maganar sulhu sai hankali ya kwanta. Allah ya kiyaye hanya, ya sauki masu ciki lafiya, amin.